FASHIN BAƘI: Abin da ya kamata ƙaramin asibiti ya tanada kafin ambaliya ko annoba ta afko

A daren Litinin 9 ga Satumba, 2024, wayewar Talata, madatsar ruwa ta Alau da ke kan kogin Ngadda ta ɓalle. Kafin hantsi ruwa ya mamaye Gwange da Fori da Bulabulin da wasu unguwannin Maiduguri da Jere, ya shiga babbar kasuwa da fadar Shehun Borno. Rabon birnin da ambaliya irin wannan tun 1994.

Ruwan bai bar manyan asibitoci ba. Ya shiga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, inda majinyata ke zuwa daga jihohin Arewa maso Gabas har da ƙasashe maƙwabta, ya lalata na'urori masu tsada, ya tsayar da ayyuka. Ya shiga Asibitin Ƙwararru na jihar. Gadojin da ke haɗa sassan birnin wasu sun nutse wasu sun lalace, har garin ya zama tamkar an raba shi biyu. Dubban ɗaruruwan mutane suka rasa matsuguni, aka sake buɗe sansanin Bakasi da aka rufe tun 2021. Ba a cika wata guda ba gwamnatin Borno ta sanar da ɓarkewar kwalara.

A tsarin kiwon lafiya na Najeriya, ƙaramin asibiti kan yi abin da zai iya, abin da ya fi ƙarfinsa ya tura gaba. Bala'i yakan yanke wannan hanya. Babban asibitin da za a tura majinyaci na iya kasancewa cikin ruwa, titi ya katse, layin waya ya ɗauke. A irin wannan hali cibiyar lafiya ta matakin farko ce ke zama asibitin farko kuma na ƙarshe, har zuwa lokacin da agaji zai iso. Masu tsara agajin gaggawa kan ɗauki kwana uku a matsayin ma'auni: kowace cibiya ta iya tsayawa da ƙafarta na awa 72 ba tare da ta jira kowa ba. Yawancin abin da ake buƙata domin haka ba mai tsada ba ne, sai dai ba ya samuwa ranar da ruwa ya riga ya shigo.

Kowace masifa da lokacinta

Akasarin bala'o'in da ke afka wa Arewa ba baƙi ba ne, suna da watanninsu. Sanƙarau kan taso daga Disamba zuwa Yuni, lokacin ƙura da zafi. Zazzaɓin Lassa ya fi tsanani a watannin farko na shekara. Ƙyanda ta fi yaɗuwa da rani. Gobarar kasuwanni da gidaje ta fi yawa da hunturu. Da damina ta kankama sai amai da gudawa, da zazzaɓin cizon sauro, da kifewar kwale-kwale, da tamowa a tsakanin yara saboda rumbu ya ƙare sabon hatsi bai iso ba. Ambaliya ta fi ɓarna a Agusta da Satumba, kodayake tana iya riga lokacinta, kamar yadda ta yi a Mokwa ta jihar Neja ranar 29 ga Mayu, 2025, inda fiye da mutum 150 suka rasu. Saran maciji kan ƙaru lokacin shuka da girbi, da kuma sa'ad da ruwa ya kori macizai daga ramukansu.

Gargaɗi ma yana zuwa da wuri. Hukumar hasashen yanayi ta NiMet kan fitar da hasashen damina a farkon shekara. Hukumar NIHSA mai lura da koguna kan biyo baya da jerin ƙananan hukumomin da ke cikin hatsarin ambaliya, galibi kafin ruwa ya sauka. Matsalar ita ce waɗannan bayanai kan tsaya a ɗakin taro a Abuja da manyan biranen jihohi, ba kasafai suke isa teburin shugaban cibiya, wanda aka fi sani da incaji, ba. Aikin farko ke nan ga sashen lafiya na ƙaramar hukuma: ya sanar da kowace cibiya ko mazaɓarta na cikin jerin.

Ita ma cibiyar tana da nata kundin. Rajistar majinyata ta shekara biyu ko uku da suka wuce tana nuna watan da gudawa ta fi yawa da ƙauyen da ta fi fitowa. Dattawan gari sun san inda ruwa ya tsaya a 2012 da 2022, da hanyar da ke fara yankewa. Wanda ya haɗa rajista da abin da dattawa suka sani ya sami taswirar hatsarin yankinsa ba tare da ya kashe ko kwabo ba.

Tsarin da zai shiga takarda ɗaya

Tsarin gaggawa na ƙaramin asibiti ba ya buƙatar zama littafi. Wanda ya fi amfani shi ne wanda za a manna a bango, ma'aikacin dare ya karanta shi da tocila cikin minti biyu. Ya kamata ya amsa tambayoyi kaɗan.

Wa ke ba da umarni idan incaji ba ya nan, kuma wa ke bin sa? Wa ke riƙe da makullin sito da na ɗakin firji? Sau da yawa magani yana nan amma makulli yana aljihun wanda ya tafi gari.

Ina cibiyar za ta koma idan ruwa ya ci gininta? A zaɓi makaranta ko wani gini da ke kan tudu tun da rani, a yi magana da hedimasta da mai unguwa ko bulama, a san ajin da za a karɓi haihuwa da wanda za a keɓe masu gudawa.

Wace hanya za a bi da majinyaci idan titin da aka saba ya yanke? A rubuta asibiti na biyu da hanya ta biyu, da lambar mai kwale-kwale, da ta mai a-daidaita-sahu ko direban tasha da ya yarda a tashe shi da tsakar dare. A jihohi da dama na Arewa an taɓa yin irin wannan yarjejeniya da ƙungiyar direbobi ta NURTW domin kai mata masu naƙuda asibiti, kuma ana iya faɗaɗa ta.

Wa za a kira? Lambar jami'in sa-ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma, da ta jami'in ajiyar rigakafi, da ta hukumar agajin gaggawa ta jiha, da ta babban asibiti mafi kusa. Lambar kiran gaggawa ta ƙasa ita ce 112, ta hukumar NCDC mai yaƙi da cututtuka kuma 6232. A rubuta su a takarda, domin wayar da ke ɗauke da su na iya faɗawa ruwa ko cajinta ya ƙare.

Tsarin da ba a gwada ba yakan ba da kunya. Atisaye na awa ɗaya sau biyu a shekara, ɗaya kafin damina ɗaya kafin zafi, ya isa ya tona lambar da ta daina aiki da ƙofar da gadon majinyaci ba ya iya fita ta cikinta.

Kayan kwana uku

Kwalara ce ta fi nuna bambancin cibiyar da ta shirya da wadda ba ta shirya ba. Cutar na iya bayyana daga awa 12 zuwa kwana biyar bayan mutum ya sha gurɓataccen ruwa, kuma tana iya kashe babban mutum cikin 'yan awoyi saboda ƙarewar ruwan jiki. Amma idan aka yi magani da wuri kuma daidai, waɗanda ke mutuwa ba sa kai ɗaya cikin 100. A 2021 Najeriya ta ƙirga fiye da mutum 100,000 da ake zargin sun kamu, fiye da 3,500 suka rasu, kuma Bauchi da Jigawa da Kano da Zamfara na cikin jihohin da suka fi shan wahala.

Mafi yawan masu cutar ruwan gishiri da sukari kaɗai ke ceton su. Babban mutum na iya buƙatar lita shida a rana ta farko. Wanda ya galabaita har ba ya iya sha sai an yi masa ƙarin ruwa ta jijiya, kuma lissafinsa mililita 100 ne ga kowane kilo na nauyinsa. Mai kilo 60 zai sha lita shida, wato leda 12 masu rabin lita, cikin awa uku. Cibiyar da ke da leda 20 a sito ba za ta iya da majinyata biyu masu tsanani ba. Wannan lissafi ne ya kamata ya jagoranci abin da ake nema kafin damina, tare da allurar sa ruwa ta manya da ta yara, da ƙwayar zinc da ake ba yaro mai gudawa kwana 10 zuwa 14.

Idan ledar haɗin ta ƙare, akwai haɗin gida da ya kamata kowace uwa ta sani: ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a cikin lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce. Abin da ya kwana ya wuce awa 24 a zubar a sake sabo.

Sai ruwa da sinadarin kulorin. Ma'aunin da ƙungiyoyin agaji ke bi shi ne lita biyar ga kowane majinyaci da ya zo ya koma gida, lita 40 zuwa 60 ga wanda aka kwantar, kusan lita 60 ga mai kwalara a kowace rana. Ambaliya kan cika rijiyoyi da ƙazantar masai, don haka tanki ko jarkoki masu murfi da aka ɗora a sama suna cikin kayan asibiti kamar yadda magani yake. Haɗin kulorin kashi uku ne, kuma ruɗa su hatsari ne: mai ƙarfin 0.05 cikin 100 na wanke hannu, mai 0.2 na goge ƙasa da gadaje, mai 2 cikin 100 na zubawa a kan amai da bayan gida. A rubuta yadda ake haɗa kowanne a jikin bokitinsa.

Duk wannan kaya a ɗora shi a kan kanta mai tsawo, cikin robobi masu murfi da mutum biyu za su iya ɗauka. Kwalin magani da aka ajiye a ƙasa shi ne ruwa ke fara ci. A riƙa duba ranar lalacewar kowane magani, ana fitar da na kusa ana amfani da shi, ana mayar da sabo.

Firjin rigakafi da rajista

Yawancin alluran rigakafi ana ajiye su ne tsakanin digiri 2 zuwa 8 a ma'aunin Salshiyas. Zafi na kashe wasu, musamman ɗigon shan inna. Daskarewa kuma na lalata wasu, kamar allurar nan mai kariya daga cututtuka biyar. Cibiyoyi da dama yanzu suna da firji mai aiki da hasken rana, amma ruwa ko guguwa na iya tsayar da shi. Tsarin gaggawa ya faɗi firjin da za a kai alluran, da wanda zai kai su, kuma kula da robobin ƙanƙara su kasance a shirye. A jikin kwalbar akwai tambari mai murabba'i a cikin da'ira. Muddin murabba'in ya fi da'irar haske allurar na da kyau. Idan launinsu ya zo ɗaya, ko na cikin ya fi duhu, ba a amfani da ita.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin cunkoson sansani shi ne abin da ƙyanda ke so. A halin gaggawa akan yi wa yara rigakafinta tun daga wata shida har zuwa shekara 15, tare da sinadarin bitamin A. Cutar mashaƙo da ta ɓarke a Kano tun ƙarshen 2022 ta nuna yawan yaran da ba a taɓa yi wa allura ba, kuma su ne ke fara faɗuwa idan aka tara jama'a wuri guda.

Rajista ma kaya ce. Littafin rigakafi, da na awon ciki, da na masu karɓar magani duk wata, su ne ke nuna wanda za a nema bayan jama'a sun watse. A sa su a leda a ɗora sama, a riƙa ɗaukar hoton shafukan da waya duk ƙarshen wata, tare da kiyaye sirrin majinyata.

Naƙuda ba ta jiran ruwa ya janye

Lissafin da ma'aikatan agaji ke amfani da shi shi ne kusan mutum huɗu cikin kowane 100 mata ne masu juna biyu, kuma kusan 15 cikin 100 na masu cikin za su gamu da matsalar da ke buƙatar ƙwararre. A mazaɓa mai mutum 10,000 wannan na nufin mata kusan 400, kusan 60 daga cikinsu za su shiga hatsari kafin su sauka lafiya.

Abubuwa biyu da suka fi kashe mata a haihuwa, zubar jini da jijjiga, duka suna da maganin da ƙaramin asibiti zai iya ajiyewa. Allurar oksitosin da ke tsayar da jini tana son sanyi, don haka a tanadi ƙwayar misoprostol da ba ta buƙatar firji. Ga jijjiga akwai allurar magnesium sulfate, wadda ake yi kafin a tura mace gaba. A haɗa da ƙunshin haihuwa mai tsafta: leda, sabulu, sabuwar reza, zaren ɗaure cibi, da safar hannu. Dabara mafi sauƙi ita ce ungozoma ta fitar da sunayen matan da watansu ya kama a Agusta da Satumba daga littafin awo, a shawarci na ƙauyukan da ruwa ke yankewa su matso kusa tun kafin hanya ta ɓaci.

Akwai wasu majinyata da ba a jin kukansu a ranar bala'i: masu hawan jini, da ciwon suga, da farfaɗiya, da sikila, da masu tarin fuka da ke tsakiyar maganin wata shida, da masu cuta mai karya garkuwar jiki. Katse maganin tarin fuka na iya sa ƙwayar cutar ta bijire wa magani. Mai farfaɗiya da ya rasa ƙwayarsa a gefen ruwa yana cikin hatsarin nutsewa. Inda ƙa'ida ta ba da dama, a ba su maganin fiye da wata ɗaya kafin damina ta yi nisa, a kuma rubuta wa kowa sunan maganinsa a kati, domin wani asibitin ya ci gaba da ba shi.

Idan majinyata suka zo a tare

A daren 15 ga Oktoba, 2024, wata tankar mai ta faɗi a garin Majiya na ƙaramar hukumar Taura a Jigawa. Jama'a suka taru kwasar fetur, wuta ta tashi, fiye da mutum 150 suka rasu. An kwashi waɗanda suka ƙone zuwa asibitocin Ringim da Haɗeja, daga baya wasu aka wuce da su gaba. Duk cibiyar da ke bakin babban titi ko gefen kogi na iya wayar gari da irin wannan.

Ma'aikaci biyu ko uku ba za su iya duba mutum 40 lokaci guda ba, don haka dole a tantance. Hanya mafi sauri ita ce a ce duk mai iya tafiya da ƙafarsa ya koma gefe guda. Waɗannan su ne masu alamar kore, za su iya jira. Cikin sauran, mai wahalar numfashi, da mai zubar jini da yawa, da wanda hankalinsa ya gushe su ne masu ja, da su ake farawa. Masu rauni babba amma numfashinsu da hankalinsu lafiya su ne masu ruwan ɗorawa. Mai ihu da ƙarfi yana numfashi, wanda ya yi shiru shi ne abin tsoro. Ana maimaita tantancewar, saboda halin mutum na iya sauyawa cikin mintuna.

Aikin ƙaramin asibiti a nan shi ne buɗe hanyar numfashi, da danne jini, da sa ruwa, da rage zafi, sannan a tura. Ƙuna ana kwarara mata ruwa mai tsafta na kusan minti 20 a rufe da ƙyalle mai tsafta, ba a shafa manja ko ƙwai ko man goge baki. Wanda maciji ya sara ba a tsaga wurin ba a ɗaure shi tamau, a hana gaɓar motsi a garzaya da shi inda ake da allurar dafi. Saran kububuwa, wadda ta yi yawa a yankunan Gombe da Filato da Taraba, yana hana jini daskarewa, kuma tsagawa ƙara zubar jini take yi. Kafin mota ta tashi a kira asibitin da za a je, a maƙala wa kowane majinyaci takarda mai ɗauke da abin da aka yi masa da lokacin da aka yi.

Bayan ruwa ya janye

Hankalin jama'a da na 'yan jarida kan koma wani wuri da zarar ruwa ya sauka, alhali a lokacin ne cututtuka ke tasowa. Gudawa kan fara cikin kwanaki. Zazzaɓin cizon sauro kan biyo baya da 'yan makonni, bayan sauro ya hayayyafa a kududdufai. Tamowa kan ƙaru saboda gona ta nutse. Ma'aunin damtse na gano ta cikin daƙiƙa kaɗan: yaro ɗan wata shida zuwa shekara biyar da damtsensa bai kai santimita 11.5 ba yana cikin mummunan hali.

A nan ne rahoto ke zama magani. Ƙa'ida ita ce a sanar da jami'in sa-ido na ƙaramar hukuma cikin awa 24 idan aka ga wanda ake zargi da kwalara, ko ƙyanda, ko sanƙarau, ko Lassa, ko mashaƙo, ba sai an jira sakamakon gwaji ba. Mutum ɗan shekara biyu ko fiye da ya zo da gudawa kamar ruwa har ya galabaita, ko ya mutu da ita, ya isa a buga waya. Haka duk wani abu da ba a saba gani ba. A 2010 yawan mace-macen yara a wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara ne ya ja hankalin likitocin ƙungiyar MSF, bincike ya gano gubar dalma daga sarrafa duwatsun zinare a cikin gidaje. Kusan yara 400 suka rasu. Da labarin ya fito da wuri da adadin bai kai haka ba.

Akwai kuma kuskuren da ya daɗe yana yawo, cewa gawarwakin waɗanda ruwa ko gobara ta kashe na jawo annoba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sha bayyana cewa ba haka ba ne, don haka babu dalilin hana dangi gane mamacinsu da yi masa sutura yadda addini ya tanada. Gawar mai kwalara ko Lassa ce ke buƙatar taka-tsantsan, da safar hannu da kulorin, kuma ya fi sauƙi a tattauna wannan da limamai da masu wankan gawa tun kafin buƙatar ta taso.

Ma'aikata da jama'ar gari

Malamin asibiti ɗan unguwar ne, ruwan da ya ci gidajen mutane ya ci nasa. Wanda bai san inda 'ya'yansa suke ba ba zai iya tsayawa kan majinyaci ba. Tsari mai kyau kan tanadi inda iyalan ma'aikata za su fake, da yadda za a riƙa karɓa-karɓa, da jerin tsofaffin ma'aikata da ɗaliban kwalejin lafiya da ke zaune a yankin. Safar hannu da takunkumi da takalmin roba na cikin haƙƙinsu. A yankunan da ke fama da 'yan bindiga ko Boko Haram, tsarin ya faɗi lokacin da za a rufe cibiya a janye, da wanda ke yanke wannan hukunci.

Jama'ar gari kuwa su ne ke fara ceto kafin kowace hukuma ta iso. Kwamitin raya mazaɓa, da masu unguwanni, da ungozomomin gargajiya, da 'yan agajin masallatai da coci-coci, da matan da suka yi aikin rigakafin shan inna gida-gida, sun san gidan da ke da tsoho ko naƙasasshe ko mai jego. Idan aka koya musu haɗa ruwan gishiri da sukari da alamomin da ke sa a garzaya asibiti, cibiya mai ma'aikaci uku ta sami hannaye da yawa. Saƙon da ya fito daga bakin liman ko mai unguwa yakan kashe jita-jita fiye da sanarwar da ta zo daga nesa.

Nauyin da ke kan hukuma

Akwai abin da incaji ba zai iya yi da kansa ba. Ba zai ɗauki ma'aikata ba, ba zai ɗaga ginin da aka yi a kwari ba, ba zai sayi motar ɗaukar majinyata ba. Najeriya na da cibiyoyin matakin farko kusan 30,000, kuma da yawansu ba su da ruwa ko wuta ko ma'aikacin kwana ko a ranar da babu bala'i.

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda ake zuba wa aƙalla kashi ɗaya cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Dokar ta ware kashi 20 cikin 100 na asusun ga magunguna da rigakafi da kayan aiki, 15 ga gine-gine da na'urori da sufuri, 10 ga ma'aikata, biyar ga jinyar gaggawa. Ta kuma haramta wa kowane asibiti ƙin karɓar wanda ke cikin halin gaggawa. Cibiyoyin da ke cikin shirin kan sami kuɗi kai tsaye a asusunsu duk wata uku, bisa tsarin kashewa da suke rubutawa tare da kwamitin mazaɓa. A cikin wannan tsari ne ya kamata kayan gaggawa su sami gurbi, kuma kuɗin da ya makara har Satumba bai amfani cibiyar da ke bakin kogi ba.

Hukumomin lafiya matakin farko na jihohi, da hukumomin agajin gaggawa, da NEMA, su ke da alhakin kai kaya ƙananan hukumomin da hasashe ya ambata tun hanya na biyuwa. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Mazaunin kowace mazaɓa na da damar zuwa taron kwamiti a watan Mayu ko Yuni ya tambayi leda nawa ta ƙarin ruwa ke sito, ina cibiyar za ta koma idan ruwa ya shigo, kuma yaushe aka yi atisaye na ƙarshe. Amsoshin da ya samu su ne za su nuna ko asibitin unguwarsa zai iya riƙe jama'a kwana uku.